Fasadabur da Sankarar Huhu: Amsa ga Wani Mai Karatu

A makon jiya na yi wa masu karatu alkawarin ci gaba da batun tsadar magunguna, to amma wata wasiƙa ta shigo hannuna wadda ba na jin ya dace in ajiye ta har wani makon. Wanda ya aiko ta ya roƙi in sakaya sunansa, na kuwa sakaya. Mahaifinsa tsohon direban babbar mota ne, ya shekara talatin yana shan taba kafin ya tuba ya bari. Tari ya kama shi, aka ɗora shi a kan maganin tarin fuka har wata shida, sauƙi bai samu ba. Daga baya aka ɗauki hoton ƙirji, aka ɗebi ɗan nama daga huhun aka auna, likitoci suka ce sankara ce, suka ba da shawarar a fara allurar da ake kira kemo.

A nan gida ya rabu biyu. Baffan mai wasiƙar ya kawo wata takarda mai ɗauke da sunan jami'a da sunayen masana, wadda ke cewa an gwada ruwan fasadabur a kan ƙwayoyin sankarar huhu, ya kashe su. Baffa ya ce tunda ilimi ya tabbatar, babu dalilin sayar da gona a kai wa asibiti kuɗi, a kuma wahalar da dattijo da allurar da ke zubar da gashi. Mai wasiƙar ya tambaye ni abu ɗaya: Malam, wannan takarda gaskiya ce ko ƙarya?

Ɗan'uwa, ban ga takardar ba, amma ina kyautata zaton ba ƙarya ba ce, domin irinta suna da yawa, kuma masana na gaskiya ne ke rubuta mafi yawansu. An yi irin wannan gwaji da fasadabur, wanda wasu ke kira tuwon biri, ɗan gidan su gwandar daji. An yi da ɓawon inabi, da ɓawon lemo, da rumman, da mangwaro. Sau da yawa sakamakon iri ɗaya ne: ƙwayoyin sankarar sun mutu. Matsalar tana ga nauyin da Baffa ya ɗora wa takardar, wanda ya fi ƙarfinta, kuma su kansu waɗanda suka rubuta ta ba su ce ta ɗauke shi ba. Bari mu shiga ɗakin gwajin mu ga abin da ake yi a can.

Mafi yawan irin waɗannan bincike ana yin su ne da wasu ƙwayoyin halitta da ake wa laƙabi da A549. Asalinsu daga ƙarin da aka cire ne a huhun wani mutum mai shekara 58 a Amurka, a shekarar 1972. Tun daga lokacin ake kiwon su a kwalabe, suna hayayyafa, ana aika su daga wannan ɗakin bincike zuwa wancan a faɗin duniya. Mai bincike yakan ɗebi kaɗan ya zuba a wani farantin roba mai ƙananan ramuka 96, ya ba su ruwan abinci, ya ajiye su cikin ɗumin da ya yi daidai da na jikin mutum. Sai ya shanya ɗan itacen da yake son gwadawa, ya niƙa, ya jiƙa shi a sinadarin da zai tatso abin da ke cikinsa, ya tace, ya ɗiga a ramukan, wani da yawa, wani kaɗan. Bayan kwana ɗaya zuwa uku sai ya zuba wani rini mai ruwan ɗorawa. Ƙwayar da ke raye takan juya rinin ya koma shuɗi mai duhu, wadda ta mutu kuwa ba ta iya juya shi. Da na'ura ake auna duhun launin, a lissafa yawan waɗanda suka mutu.

Aiki ne na ilimi, kuma yana da amfani. Akan ma gano ta wace hanya ƙwayar ta mutu. Kowace ƙwayar halitta a jikinmu Allah Ya sanya mata tsarin da take kashe kanta idan ta lalace, kuma ɗaya daga cikin alamomin sankara shi ne toshewar wannan tsari, ta yadda lalatacciyar ƙwaya za ta ƙi mutuwa, ta yi ta haihuwa. Wasu sinadaran 'ya'yan itace suna farfaɗo da tsarin a cikin faranti. Na fasadabur, waɗanda ake kira asetojenin, suna da tasu dabarar: suna toshe wurin da ƙwaya ke sarrafa abinci ya zama ƙarfi, kamar a datse wa inji mai.

To, amma mu tsaya mu yi tunani. Ƙwayar da ke kwance a faranti tsirara take. Babu fata a kanta, babu hanta da za ta tace abin da aka zuba mata, babu ƙoda da za ta fitar da shi. Ruwan zafi ma zai kashe ta. Gishiri idan ya yi yawa zai kashe ta, haka kanwa, haka ruwan wanke banɗaki. Ba wanda zai ce don haka a ba marar lafiya ruwan wanke banɗaki ya sha. Abin da likita ke nema shi ne sinadarin da zai bi ta baki ko ta jijiya, ya tsallake ciki da hanta, ya isa huhu da yawan da zai yi aiki, ya daɗe a can, ya kashe ƙwayar sankara, sa'an nan ya ƙyale zuciya da ƙwaƙwalwa da ɓargo su ci gaba da aikinsu. Kowane ɗaya daga waɗannan matakai kabari ne na dubban sinadarai da suka yi abin a-zo-a-gani a faranti.

Misalin inabi ya isa. A shekarar 1997 mujallar Science ta buga wani bincike da ya nuna cewa sinadarin resberatirol, da ke cikin ɓawon inabi, yana hana sankara tasowa a gwajin faranti da na ɓeraye. Duniya ta ɗauka, kamfanoni suka shiga ɗura shi a kwalabe. Da aka auna a jikin mutane, sai aka tarar hanji da hanta suna sauya shi nan da nan, abin da ke isa jini da kamanninsa na asali bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Yau fiye da shekara ashirin da biyar ke nan, ba a amince da shi a matsayin maganin kowace irin sankara ba. Ba shi kaɗai ba ne. Ko magungunan da suka tsallake faranti da ɓeraye har aka fara gwada su a kan mutane, waɗanda ke kaiwa ga samun amincewa a fannin sankara ba su kai ɗaya cikin goma ba.

Wani zai ce, to idan bai yi magani ba ai ba zai cutar ba, ɗan itace ne. Wannan magana ita ce ta fi damuna, kuma a kanta nake so in daɗe, domin sankarar huhu ce da kanta ta ƙaryata ta.

Tun wajen shekarun 1970 zuwa 1980 masana suka lura cewa mutanen da ke yawan cin kayan lambu da 'ya'yan itace ba su cika kamuwa da sankarar huhu kamar sauran ba. Zargin alheri ya faɗa kan sinadarin betakarotin, wanda ke ba karas da gwanda da mangwaro launinsu. Hujjojin sun yi kyau ƙwarai, sun ma fi na fasadabur ƙarfi nesa ba kusa ba. Sai aka shirya babban gwaji a ƙasar Finland, aka ɗauki maza mashaya taba 29,133, masu shekara 50 zuwa 69. Aka raba su ta hanyar ƙuri'a, wasu ana ba su ƙwayar betakarotin kullum, wasu ana ba su ƙwayar da ba ta ɗauke da shi, babu wanda ya san wadda yake sha. Da sakamako ya fito a 1994, masanan kansu sai da suka riƙe baki: sankarar huhu ta fi kama waɗanda suka sha betakarotin da kashi 18 cikin 100. A Amurka ma ana wani gwajin makamancinsa da mutum fiye da 18,000, mashaya taba da ma'aikatan da suka shaƙi ƙurar asbestos. A farkon 1996 aka dakatar da shi tun wa'adinsa bai cika ba, saboda sankarar huhu ta ƙaru da kashi 28 cikin 100 a tsakanin masu shan sinadarin, mace-mace kuma suka ƙaru da kashi 17.

Karas bai zama guba ba, kuma ba wanda ya ce a daina cin gwanda. Darasin shi ne, ɗan itace a cikin kwano abu ne daban, sinadarinsa da aka tatso aka tattara aka ɗura wa mutum kullum abu ne daban. Kuma ba don an yi wannan gwaji mai tsada na shekaru ba, da wataƙila har yau likitoci na rubuta wa mashaya taba wannan ƙwaya da kyakkyawar niyya.

Akwai kuma labarin ƙwallon wani ɗan itace da ake kira afirkot. A shekarun 1970 aka yi ta yayata wani magani da ake haɗawa daga cikin ƙwallon, mai suna Laetrile, har Amurkawa na tsallaka iyaka zuwa Meziko don a yi musu shi. Matsin lamba ya sa hukuma ta ɗauki nauyin gwaji, asibitin Mayo ya jagoranta, aka gwada shi a kan masu sankara 178. Rahoton 1982 ya nuna bai warkar da kowa ba, bai tsawaita rayuwa ba, wasu ma sun nuna alamun gubar sayanayid, irin gubar nan da ke cikin rogo mai ɗaci idan ba a jiƙa shi yadda ya kamata ba.

Shi kansa fasadabur yana da tasa ayar tambayar. A tsibirin Gwadaluf da ke yankin Karebiyan, inda ake yawan shan ɗan itacen da kuma shayin ganyensa, likitoci sun lura da yawaitar wata cutar jijiya mai kama da ciwon karkarwa na Parkinson, amma wadda ba ta jin maganinsa. Rahoton da mujallar Lancet ta buga a 1999 ya danganta cutar da yawan shan 'ya'ya da ganyen wannan dangin itace. Bayan haka aka gwada ɗaya daga cikin sinadaransa, anonasin, a kan ɓeraye, aka ga yana lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Ba abin mamaki ba ne. Sinadarin da ke datse wa ƙwayar sankara mai ba ya tambayar sunan ƙwaya kafin ya datse, ƙwaƙwalwa kuwa tana cikin gaɓoɓin da suka fi kowa buƙatar man. Shan fasadabur jefi-jefi don marmari ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne a dafa ganyensa da ƙwallonsa ana ɗirka wa dattijo safe da yamma har watanni.

Kada a fahimce ni a baibai. Ba ni daga cikin masu yi wa tsirrai kallon raini, kuma tarihin maganin sankarar huhu ba zai bar ni in yi hakan ba. Idan aka fara yi wa mahaifin mai wasiƙarmu kemo, akwai yiwuwar abin da za a ɗura masa a jijiya daga itace ya samo asali. Maganin fakilitaksel daga sassaƙen wata bishiya ya fito, wadda ke tsirowa a dazuzzukan arewa maso yammacin Amurka. An sassaƙo ta a 1962, cikin wani shiri na Cibiyar Sankara ta Amurka wanda ya tace samfura fiye da dubu ɗari daga dubban tsirrai. Masana biyu, Monroe Wall da Mansukh Wani, suka ware sinadarin suka bayyana siffarsa a 1971. Sai a 1979 Susan Horwitz ta gano yadda yake hana ƙwaya rabuwa biyu, sai kuma a 1992 aka amince a fara ba marasa lafiya. Shekara talatin cif tsakanin gatari da allura. Maganin etofosayid, wanda ake yi wa nau'in sankarar huhu mai saurin yaɗuwa, daga saiwar wani tsiro aka samo tushensa. Binorelbin kuma jikan wata fulawa ce 'yar asalin tsibirin Madagaska, mai fure fari ko ja-ja, wadda ake shukawa don ado a harabar gidaje da makarantu har a garuruwanmu. Abin sha'awa, masanan Kanada da suka fara bincikenta a shekarun 1950 maganin ciwon sukari suke nema, domin don shi mutanen Jamaika ke shan shayin ganyenta. Sukari bai sauka ba, sai suka ga fararen ƙwayoyin jinin ɓerayen ne ke raguwa, suka bi wannan sawu.

Duk waɗannan magunguna a matakin gwaji suka fara, kamar yadda fasadabur yake yanzu. Bambancin shi ne an raka su har ƙarshen hanya: an ware sinadari guda daga cikin ɗaruruwa, an san nauyinsa, an san adadin da ke magani da adadin da ke kisa. Wanda ya tsinko waccan fulawa ya dafa ya sha ba zai warke daga sankara ba, sai dai ya jawo wa kansa wata cutar.

A nan ina da ƙorafi a kan mu kanmu, 'yan jarida da malaman jami'a. Ɗalibi zai yi aikin digiri, ya tatso ruwan wani ɗan itace, ya ɗiga a faranti, ya rubuta a ƙarshen takardarsa cewa ana buƙatar ƙarin bincike. Ya karɓi shaidarsa, malaminsa ya sami ƙarin girma, ƙarin binciken kuma babu mai kuɗin yin sa. Sai mu 'yan jarida mu tsinci takardar, mu yanke wancan sharaɗi na ƙarshe, mu buga kanun labari cewa an gano maganin daji. Daga hannunmu sai ta faɗa hannun mai lasifika a bakin tasha, ya ƙara mata gishiri, ya ɗaga kwalba ya nuna lambar NAFDAC. Jama'a da yawa ba su san cewa lambar da hukumar ke fara bai wa maganin gargajiya shaida ce ta cewa an duba ba a ga guba a fili ba, ba shaidar yana warkar da abin da aka rubuta a jikinsa ba ce. Alhali mun taɓa nuna za mu iya bin hanyar har ƙarshe. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta karɓi haɗin wani mai maganin gargajiya, wanda ya ƙunshi masoro da kanumfari da karan dafi da wani itace, ta gwada shi a kan masu amosanin jini, aka sami maganin Niprisan. Abin da ya biyo baya na rashin ɗorewar sarrafa shi labari ne na wata rana. Gwandar dajinmu da aduwa da kanya da ɗinya sun cancanci irin wannan rakiya, ba kanun labari ba.

Yanzu in dawo kanka, ɗan'uwa. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, saboda haka ban ga laifin Baffa ba. Ƙaunar ɗan'uwansa ce da tsoron talauci suka haɗu suka sa shi riƙe takardar nan. Amma sankarar huhu ba ta jira. Ita ce kan gaba a duniya wajen kisa a cikin dukan nau'o'in sankara: ƙididdigar 2022 ta nuna ta kama mutum kusan miliyan 2.5, ta kashe kimanin miliyan 1.8 a shekara guda. Babban dalilin shi ne ba a cika gano ta ba sai ta yi nisa, kuma Baba ya riga ya yi asarar wata shida a kan maganin cutar da ba ita ke damunsa ba. Masana a Jami'ar Yale sun bi diddigin masu sankarar da ba ta riga ta bazu ba, waɗanda suka ƙi maganin asibiti suka tsaya ga na gargajiya kaɗai. A rahotonsu na 2018, haɗarin mutuwa a tsakanin masu sankarar huhu da suka yi haka ya ninka na waɗanda suka karɓi maganin asibiti fiye da sau biyu.

Ba zan yi maka alkawarin kemo zai warkar da Baba ba, wannan sanin yana ga Allah, kuma likitan da ya ga hoton ƙirjinsa ya fi ni kusa da amsar. Ku koma wurinsa kai da Baffa tare, ku tambaye shi ba tare da jin nauyi ba: wane nau'i ne, wane mataki ta kai, manufar allurar warkarwa ce ko rage ciwo da ƙara kwanaki, nawa za a kashe daga farko har ƙarshe, kuma ko akwai gwajin da zai nuna maganin haɗiya zai yi masa aiki. Haƙƙinku ne ku ji amsoshin kafin a sayar da ko taƙi ɗaya na gona. Idan ma amsar ta zo da nauyi, har dattijon da kansa ya zaɓi a bar shi a gida cikin iyalinsa, to akwai magungunan rage raɗaɗi da na sauƙaƙa numfashi, kuma wannan zaɓi ne da ake girmamawa. Abin da ba na so shi ne a yanke hukunci bisa zaton cewa akwai waraka a cikin tukunyar ganye.

Ku ba Baba 'ya'yan itace ya sha, mai jinya yana buƙatar abin da zai buɗe masa baki, ya kuma riƙe masa jiki. Sai dai duk abin da ake ba shi, ganye ne ko sassaƙe ko ƙwayar kanti, ku faɗa wa likita sunansa. Garehul ma, da ake ganin lemo ne kawai, yana hana jiki narkar da wasu magunguna, ciki har da wasu ƙwayoyin sankarar huhu, har su taru a jini su wuce kima. A Kanada aka gano haka bisa tsautsayi a ƙarshen shekarun 1980, ana cikin gwajin wani maganin hawan jini.

Ka kuma ambata a ƙarshen wasiƙarka cewa ƙanenka biyu suna shan shisha, kai ma kakan taɓa sigari idan rai ya ɓaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba ce ke haddasa kimanin kashi 85 cikin 100 na sankarar huhu, kuma wanda ya daina, bayan shekara goma haɗarinsa yakan sauko zuwa kusan rabin na wanda ya ci gaba. Ranar da za ku koma asibiti, ku tafi da su biyun, su zauna a ɗakin su ji bayanin likita da kunnensu. Batun tsadar magunguna kuma sai mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.